Kumburin Sarkin Tauri

Dalilin da ya sa in ƙaya ta soke ku wurin yake ɗaukar zafi, ya tashi ya yi suntum, ya dinga zogi kamar wani na buga ƙaramar ganga a ciki, ba laifin ƙayar ba ne ita kaɗai. Da hannun Tunau Gadu a ciki. Ku gyara zama, ku daina sosa ƙafafun nan, in ba ku labarinsa.

A wancan zamani Tunau ne Sarkin Tauri na dawa gaba ɗaya. Kun dai san ’yan tauri, masu goga wuƙa a ciki da wuya ba ta kama su. To shi ne babbansu, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Ko gaishe shi aka yi aka ce ina gajiya, sai ya ce gajiya ta zagaya jikinsa ta rasa ƙofar shiga ta koma.

Wata ranar kasuwa ya tsaya a gindin tsamiya, inda dabbobi ke shan inuwa, ya buɗe ƙirji ya ce, “Ni fatata ba ta da ƙofa, ba ta da taga. Ƙarfe ya zo ya koma da kunya. Mashi ya zo ya lanƙwashe. Tun da uwata ta haife ni ko ƙwarzane babu a jikin nan. Mai musu ya taso ya duba.”

Ba wanda ya taso, don Tunau na da haure biyu masu lanƙwasa, kuma ba ya son a matso shi sosai. Amma kowa ya san dokar sarautar. Ranar da aka ga tabo ko ɗaya a jikin Sarkin Tauri, ranar zai ajiye wuƙaƙe, a karɓe masa makaɗi, ya koma cikin ’yan kallo. Tunau kuwa da ya zauna cikin ’yan kallo gara a ce ya kwana uku bai ci ba.

Abin da jama’a ba su sani ba shi ne, kowace safiya yakan kwashi wuƙaƙensa ya kai bakin tafki ya goga bakinsu a kan dutse. Ba wasa su yake yi ba, dakusar da su yake yi. Wuƙaƙen nan ko dafaffiyar kabewa sai an haɗa da roƙo kafin su yanka.

To ranar nan da ya gama cika bakinsa ya kama hanyar gida, yunwa ta kama shi a hanya. Ya durƙusa ya kafa hanci a ƙasa yana tonon saiwa, sai wata ’yar ƙarangiya da ke maƙale a ciyawa ta kama shi a kuncin dama, ƙasa da ido kaɗan. Ya ji wani abu ya taɓa shi, ya sa kofato ya goge. Ya duba kofaton ya ga ɗigon jini. Ya waiga gabas, ya waiga yamma, ba kowa. Ya tashi ya ci gaba da tafiya yana fito.

Sai in gaya muku yadda ciwo yake a lokacin, don ba irin naku ba ne. Ciwo a lokacin ba ya zafi, ba ya ja, ba ya kumburi. Kada ku ce daɗi ke nan. Akwai waɗansu ƙananan mutane da ido ba ya gani, ana ce musu ’yan Ruɓa. Suna cikin ƙasa, suna cikin ruwa, suna kan kowace ƙaya suna jira. Da fata ta ɗan buɗe sai su shige, su haihu a ciki, ’ya’yan su haihu. Mai jiki bai san ana yi ba. Yana cin abincinsa yana hira, naman na laushi a hankali kamar tumatirin da aka manta a kwando, har ran da zai kwanta ya kasa tashi.

Maganin wannan ɗaya ne, ’yan Mitsi. Su ma ido ba ya ganinsu, amma sun girmi kowa. Tun ba a yi ƙashi ba, tun ba a yi ido ko ƙafa ba, tun duniya duk ruwa ce da laka, suna nan suna lilo a ruwa suna neman abin haɗiya. Ba su da wata sana’a sai ci, kuma abin da suka fi so su ci shi ne ’yan Ruɓa, kamar yadda kuke yi wa soyayyar gyaɗa.

Wata shekara ruwa ya ja da baya, ’yan Mitsi suka ga za su bushe. Tsohuwarsu, Iya Tasalla, ta shiga neman masauki. Tana, tsutsar ƙasa, ita ce ta fara karɓarsu, don ita ba ƙashi, ba ɓawo, kuma a cikin datti take kwana, ’yan Ruɓa sun kusa ƙarar da danginta. Da aka ga tana ta daina mutuwa sai katantanwa ta ce ita ma a sammata. Kifi ya karɓa, kwaɗo ya karɓa ya hau tudu da su, daga nan ƙadangare, tsuntsaye, barewa, har giwa da girmanta. Kuma in an karɓa sau ɗaya ba a sake roƙo, uwa ke ba ɗanta nasa rabon tun yana ciki ko yana cikin ƙwai. Aikinsu shiru suke yi. Su cinye ɓarayin, su toshe ɓarakar, mai jiki ko labari ba ya ji.

Gidan gadu ne kaɗai ba su shiga ba, kuma Tunau ne ya hana. “Ku duk kun zama zaure,” haka yake ce wa sauran dabbobi, “kowane matafiyi ya zo ya shimfiɗa tabarma a cikinku. Ni jikina ni kaɗai ne a ciki.”

Bayan ’yan kwanaki da sukan ƙarangiyar, yana zaune a ƙofar raminsa, matarsa Hansai ta kawo masa abinci ta ajiye. Ta juya za ta tafi sai ta tsaya tana shinshina iska.

“Maigida, wani abu ya mutu a kusa da nan?”

“Ina na sani? Duba bayan rami.”

Ta je ta duba ta dawo. Ta zagaya shi ta dama, ta tsaya.

“Ba a bayan rami yake ba. A fuskarka yake.”

“Ke Hansai, kin san da wa kike magana?”

“Na sani mana, ni nake ɗauko maka wuƙaƙen in ka manta su a kan dutse. Juyo in gani.”

Ya juya ba da son ransa ba. Ta matso ta duba. Wurin ya yi baƙi, ya yi laushi, ya kai faɗin ganyen magarya.

“Haka na Kawu Ɗanjuma ya fara,” in ji ta, “kuma ka san bai ga kaka ba. Ka tashi ka tafi tafki wurin ’yan Mitsi.”

“In je in roƙi masauka? Ni? A bakin duniya?”

“To zauna. In ya so a yi maka kiɗan a kan kabari.”

Tunau ya tura abincin gefe. Ya yi ta juya maganar a ransa. In bai je ba ya mutu, in ya je aka gani sarauta ta tafi. Can sai dabara ta faɗo masa: ya je lokacin da ba mai gani. Ya jira rana ta take tsaka, lokacin da kowace dabba ke kwance a inuwa tana haki, ya bi ta cikin ciyawa ya sulale tafki.

Ya manta da Makau. Makau kwaɗo ne, kuma taubashinsa ne, don kakar Tunau ta wajen uwa a bakin tafkin nan aka goye ta tare da kakan Makau. Tsakaninsu ba a jin haushi, ko me aka faɗa wasa ne. Yana nan kwance a kan ganye, ido biyu a waje.

“A’a, taubashi. Yau da rana tsaka? Kuma ban ga kayan aiki ba. Ko sun gama dakushewa?”

“Rufe mini baki, mai kwana a jiƙe. Ina tsohuwar nan take?”

“Wace tsohuwa? Tsofaffi da yawa a tafkin nan.”

“Ta masaukan.”

Makau ya dubi kuncin, dariyar da ke bakinsa ta ragu. Ya ce, “Kai, ka bari ya yi nisa. Sa kunnenka a ruwa, a nan gefen da ba ya motsi. Muryarta ba ta kai ta sauro ba.”

Tunau ya durƙusa ya kafa kunne a ruwa. Ya ji wata siririyar murya ta tsohuwa tana cewa, “Wane ne ya tare mana rana?”

“Ni ne Sarkin Tauri.”

“Ban san shi ba. Ɗan wane ne kai?”

“Tunau, jikan Tabawa.”

“Af, jikan Tabawa. Kai ne mai cewa mu matafiya ne masu tabarma. Me ya kawo ka, ɗan nan?”

Ya yi ta kewaye-kewaye, wai wani abokinsa ne ba shi da lafiya. Iya Tasalla ta bar shi ya gama, sannan ta ce warin abokin nasa ya iso har ƙasan tafki, kuma yara sun fara haɗiyar yawu. Sai ya sauke murya ya ce su taimaka, amma da sharaɗi: kada kowa ya ji.

“Mu ba mu da surutu,” in ji ta. “Muna cikin giwa tun kakanninta, ka taɓa jin ta ce mun dame ta? Amma mu ma da namu sharaɗin, ka saurara da kyau. Ba mu san sarki ba, ba mu san talaka ba. Ba wanda ya koya mana sunan kowa, kuma ba ma riƙe fuska. Ɗan gida da baƙo kawai muka sani, da haka aka haife mu. Baƙon da ya zo ta ƙofa, bakinka ke nan, ya yi sallama, masu gadi su shinshine shi su bar shi ya wuce. Wanda ya hauro ta katanga ba ma tambayarsa daga ina, cinye shi muke yi. In mun gama kuma mukan toshe ɓarakar da ya shigo ta ciki. Abin da muka gina kada ka rushe.”

“Na ji. Ku shigo.”

“Haka ake shiga gidan mutane? Salamu alaikum.”

Tunau ya waiga, ya amsa can ƙasan maƙoshi.

“Ban ji ba,” in ji Iya.

“Ni ma ban ji ba,” in ji Makau, “ga ni kusa da shi.”

Ya ƙara amsawa, ta ce kunnen tsufa ne, ya ɗaga murya. Sai da Sarkin Tauri ya amsa sallamar nan da ƙarfin da ya tashi wata balbela daga kan reshe, sannan aka ce ya sha ruwan. Ya sha. Ya tashi yana goge baki, ya harari Makau ya ce in ya ji maganar nan a waje zai taka shi.

“Ni ba na tona asirin dangi,” in ji Makau. “Kai ne dai ban yarda da kai ba.”

’Yan Mitsi suka kama aiki. Tunau bai ji komai ba, sai dai warin ya ɗauke, naman ya yi ƙarfi, ƙarfin jikinsa ya dawo. Hansai ta daina kallonsa da idon tausayi ta koma faɗan da ta saba. Abu ɗaya ya rage. A inda ciwon yake, ’yan Mitsi sun yi gininsu: ɓawo baƙi, mai kauri, a zaune daram a kan kunci, wanda ko makaho ya shafa zai san an taɓa huda wurin.

Ga shi kuma an gama girbi, lokacin babban wasan tauri ya zo. Damo makaɗinsa ya riga ya ɗaure ganga, an share fili a gindin tsamiya, dabbobi na ta isowa daga nesa.

Da safiyar wasan Tunau ya leƙa fuskarsa a cikin ƙwaryar ruwa ya daɗe yana kallo.

“Ka ce ba ka jin daɗi, a ɗaga wasan,” in ji Hansai. “Ɓawon nan ya kusa faɗuwa da kansa.”

“Sarkin Tauri ba ya rashin jin daɗi.”

“To ka ɗaura rawani.”

“Kin taɓa ganin ɗan tauri da rawani? Ba ni wuri.”

Ya sa kofato ya ɓamɓare ɓawon. Ƙarƙashinsa ja ne, ɗanye, bai gama haɗewa ba. Ya fita bayan rami ya ɗebo taɓo irin mai launin jikinsa, ya cusa a ramin ciwon, ya danna, ya shafe samansa sumul. Ya sake leƙa ƙwarya. Ko Hansai sai da ta matso kafin ta gane wurin. Ya yi murmushi ya rataya wuƙaƙe ya kama hanya.

Bai yi nisa ba ya ji siririyar muryar nan, wannan karon daga cikin kunnensa.

“Jikan Tabawa, wa ya rushe mana katanga?”

“Ni ne. Yau kaɗai, Iya. Gobe ku sake.”

“Wa kuma ya turo mana wannan taron? Ka san ’yan Ruɓa nawa ke cikin taɓon nan? Gari guda ka kwaso ka zuba mana ta taga.”

“Ƙasa ce kawai. Ni na sa ta, da izinina ta shigo.”

“Na gaya maka ba mu san izini ba, sallama muka sani, kuma ta ƙofa. Yarana na can suna mutuwa a bakin ɓarakar nan, kai kana tafiya wurin rawa.” Sannan ta ce, ba da faɗa ba, “Laifinmu ne. Aikin shiru ne ya ja mana. Wanda bai ji ana yi masa aiki ba gani yake ba a yi komai. Bari mu gyara.”

Tunau ya kaɗa kunne ya ce tsohuwa dai ba ta rasa mita. Ya shiga fili.

Damo ya saki ganga yana masa kirari: dutsen da ya ƙi gatari, na Hansai ƙofa a rufe, bangon da ba a jingina masa tsani. Tunau ya zare wuƙa ya goga a ciki, ya goga a wuya, mata suka yi guɗa. Yana cikin juyi ya ji wata ganga ta biyu ta amsa ta Damo, amma wannan a cikin kuncinsa take. Dum, dum, dum. Iya Tasalla ce ta sa a buga gangar yaƙi, don duk ɗan Mitsin da ke ƙafa ko wutsiya ya taho. Suka taho kuwa. Hanyoyin jini suka cika, wurin ya yi ja. Suka hura wuta don ’yan Ruɓa ba sa son zafi. Taro ya yi yawa wuri ya yi kaɗan, fata ta fara tashi.

Tunau bai taɓa jin zafin ciwo ba a rayuwarsa, ba wanda ya taɓa ji. Ya cije ya ci gaba da rawa, amma rawar ta koma ta gefe guda.

Makau na zaune a gaba a kan wani dutse. Ya karkata kai ya ce, “Taubashi, goro ka ɓoye a kumatu ba ka sammana ba?”

Aka yi dariya. Tunau ya shafa wurin ya ji ƙululu kamar ƙwan zabo. Amma bakinsa bai mutu ba.

“Wannan maganin tauri ne ke tashi,” in ji shi. “In ya yi wa mutum yawa haka yake taruwa. Ku ba ku kai nan ba shi ya sa ba ku sani ba.”

’Yan kallo suka gyaɗa kai, wasu har da cewa ikon Allah. Tunau ya ji sanyi a ransa. Sai Makau ya ce, “To ai ni abin da ya ɗaure mini kai, maganin gefe ɗaya ka sha? Na hagu fa? Ko nan wuƙa na kamawa?”

Aka fara ƙus-ƙus. Tunau ya ce a dakata masa, zai zagaya. Ya shige bayan wata ƙaya, ya tsaya yana haki. Ya yi tunani irin nasa: in dai huda da taɓo ne ke kawo ƙululu, to a yi wa hagu ma, fuska ta daidaita, magana ta ƙare. Ya karyo ƙaya, ya runtse ido, ya soka a kuncin hagu, ya cusa ƙasa.

“Wa kuma ya shigo ba sallama?” in ji Iya daga ciki. Ganga ta uku ta tashi.

Ya dawo fili da ƙululu biyu. Damo ya ci gaba da kiɗa. Amma na dama ya riga na hagu tashi, ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma na hagun ya sauka ƙasa kusa da haure, bai yi daidai da ɗan’uwansa ba.

“Yanzu kuma ta karkace,” in ji Makau. “Kamar an ɗora wa jaki kaya ba a gyara ba.”

Tunau ya sake zagayawa. Ya soka ɗaya a hagu ta sama don ya yi daidai da na farko, ya ga to na ƙasan nan ya zama shi kaɗai, ya soka wani a dama ta ƙasa. A lokacin idanunsa sun fara rufewa don kumburi, kansa na amsa ganguna ta ko’ina. Ya lallaɓo ya dawo tsakiyar fili ya tsaya, ya ɗaga wuƙa sama.

“Ga shi nan ko’ina ya ji,” in ji shi da murya a shaƙe. “Fatar da ƙarfe bai taɓa shiga ba.”

Ba wanda ya yi guɗa. Damo ya ɗaga hannu daga kan ganga, ya matso a hankali, ya leƙa fuskar ubangidansa.

“Ranka ya daɗe,” in ji shi, “akwai abu a kuncinka.”

“Magani ne, na ce.”

“A’a, ranka ya daɗe. Mai tsini. Da ɗan ganye a jikinsa.”

Ƙayar ƙarshe ce. Cikin sauri ya manta bai zare ta ba. Tana nan a tsaye a kuncin Sarkin Tauri, rabinta a ciki, iska na kaɗa ganyen. Kafin ya kai kofato, ƙululun farko ya gaji ya fashe. Taɓon ya faɗo, farar mugunya ta biyo shi, gawarwakin ’yan Mitsin da suka mutu a faɗan ke nan haɗe da na ’yan Ruɓa. Fili ya yi tsit, har muryar da ba ta kai ta sauro ba ta fito ta ɓarakar kowa ya ji.

“Salamu alaikum, jama’a. Ni ce Tasalla, muna nan gidan jikan Tabawa tun kafin girbi, shi ya zo har tafki ya amsa mana sallama. ’Yan’uwa da ke sauran gidaje, ku ji. Daga yau an daina aikin ɓoye. Duk inda aka hauro katanga a buga ganga, a hura wuta, a tara jama’a, mai gida ya san ana yi, ya janye hannunsa daga wurin.”

’Yan Mitsin da ke jikin ’yan kallo duk suka ji. Barewa da ta yi tuntuɓe a hanya ta ji ƙafarta ta ɗau zogi. Giwa ta fara fifita wani ƙwarzane a kunne da ba ta ma san da shi ba. Damo ya dubi ’yar kantar da bugun ganga ta fasa masa a hannu, ya hura mata iska. Ko’ina sai wash, wash, kowa na dafe wani wuri, kuma duk idanu suka juyo kan mutum ɗaya.

Makau ya ɗaga ɗan yatsansa da ya fara ja, ya duba, ya dubi Tunau.

“Taubashi, mu da muke zaure muna zamanmu lafiya da baƙinmu. Kai da kake kai kaɗai a jikinka, dubi abin da ka ja mana.”

Tunau na tsaye a tsakiyar fili. Wuƙar na sama a hannunsa, ya rasa ko ya sauke ta ko ya bar ta a can.

Shi ya sa har yau in abu ya shige ku ta fata sai wurin ya yi zafi ya tashi, ku ji ana dum-dum a ciki. Mutanen Iya Tasalla ne suka taru a kan aiki, kuma so suke ku sani. In sun gama suka yi ɓawo, ku bar musu abinsu ya faɗi da kansa. Gadu kuwa nasa kumburin bai saɓe ba, don sun ce ba su yarda da shi ba, sun bar masu gadi a duk inda ya huda. Ku dube shi in kun gamu da shi a dawa, ƙululan na nan a fuskarsa, kuma da ya hango taro sai ya ɗaga wutsiya ya canza hanya.